Shagon kifin ado da nake zuwa a Jidda, da abinda ya faru da dodon koɗina

Kusan wata takwas kenan ina zirga-zirga tsakanin gida da wannan shagon, kuma abinda yasa na zauna rubuta wannan shine duk wanda ya shigo falonmu gaisuwa sai ya tsaya gaban hodin kifin nan, wato akwatin gilashin da ake kiwon kifi a ciki, ya tambayeni ina na samo, wasu ma ba kifin ke ɗaukar hankalinsu ba, dodon koɗin ne da suke gani yana rarrafe a jikin gilashi da zanensa baƙi da ruwan ɗorawa kaman an ja da alƙalami. To gara in faɗa sau ɗaya kowa yaji, mai daɗin da mara daɗin. Sunan shagon kam bazan kama ba, tunda akwai laifin da zan faɗa kuma bana son in taɓa ma wani hanyar abincinsa, iyaka dai yana nan cikin Jidda a jerin shagunan da ake saida tsuntsaye da maguna da abincinsu.

Asalin abin babbar 'yata ce. Na kai yaran Fakieh Aquarium, gidan kallon kifi dake Kornish a bakin teku, wata ranar Asabar, tun daga ranar bata ƙara barina na huta ba, Abba kifi, Abba kifi. Na can yawancinsu kifin ruwan gishiri ne irin na Bahar Maliya, da na tambaya aka lissafa min kayan da ake haɗawa kafin a riƙe irinsu a gida sai nace a'a, mu fara da na ruwan daɗi. Na sayi hod mai cin lita 100, da filta da fitila da hita da yashi. Wani zai ce hita kuma a Jidda? Eh mana, saboda mukayyif, wato AC. Kifin nan suna son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27, falon da mukayyif ke kwana a kunne ruwan yakan yi sanyi cikin dare, da rana in an kashe an fita ya ɗau zafi, wannan hawa da saukan shi ke karya su. Yaron da ya saida min kayan anan kam ya kyauta, ya hanani sayen kifi a ranar, yace in cika ruwa in kunna filta in bari tukun. Daga baya na fahimci dalili, kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya wadda guba ce garesu, sai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani sun zauna a cikin soson filta suna juya ta zuwa wani abu mai sauƙin illa, kuma zamansu yakan ɗauki sati 4 zuwa 6. Shi sati ɗaya yace min, bai kai ba, amma ya fi wanda zai ƙulla maka kifi a leda ranar da ka sayi gilashin.

Shagon kansa gaskiya yana da tsafta, wannan ba zan rage masu ba. Zaka shiga baka jin ƙarni, gilasan a goge suke, kuma duk zuwan da nayi sau ɗaya tak na taɓa ganin mataccen kifi yana yawo a saman ruwa, shima ina nunawa aka cire. Akwai layi ɗaya can ciki da suke ajiye sabbin zuwa, an liƙa takarda cewa ba na sayarwa bane sai sun yi kwanaki, na taɓa nacewa a bani wasu ƙananan kifin da ake kira gupi masu jan bindi daga ciki suka ƙi, a lokacin naji haushi amma yanzu shine abinda yasa nake komawa. In ka saya suna hura iskar oksijin a ledar, lokacin zafi su naɗe maka da jarida su jaddada kada ka tsaya baƙala, wato shagon kayan masarufi, ka barshi a mota ko na minti goma, wanda ya san motar da aka ajiye a rana a Jidda watan Yuli ya san ba wasa suke ba. Suna karɓar katin banki na mada, suna bada fatura, wato rasit. Wurin ajiye mota ne dai babu, bayan isha'i sai ka zagaya layin sau biyu sau uku.

To ba a nan gizo ke saƙar ba. Na fara da gupi shida da kifin filati huɗu, suka zauna lafiya, sai gansakuka ta fara kama gilashin saboda hodin yana kusa da taga rana na dukansa da hantsi, kore a gaba, ruwan ƙasa-ƙasa a jikin ganyayyaki. Na koma shagon na tarar da wannan yaron, na nuna masa hoto a waya, yace ai wannan mai sauƙi ne, ɗauki halazon zai share maka komai. Halazon shine dodon koɗi a Larabcinsu. Ya kamo min nerait guda uku, masu zanen nan, da wasu manya guda biyu ruwan ƙwai da suke kira tuffa. Muna tsaye ana ƙullawa autana ya hango wani kifi mai ruwan lemo da baƙaƙen layi uku a jikinsa yana ta wasa a ƙasa, botiya suke ce masa, yaro ya kafe sai shi, na juya na tambayi yaron shagon ƙarara, wannan zai zauna da abinda na saya? Yace babu mushkila, kifi ne mai zaman lafiya. Leda biyu na fito da su daga hannun mutum ɗaya a rana ɗaya, kuma wannan shine laifin farko da nake riƙe da shagon har yau, domin botiya abincinsa ne dodon koɗi, mutane ma saboda hakan suke sayensa, kuma duk wanda ke tsaye a bayan kanta yana saida su biyun ya kamata ace ya sani.

Ba a yi kwana goma ba na lura tuffan nan da suke yawo da dogayen ƙahonninsu a miƙe sun daina fitowa, sun rufe ƙofarsu sun lafe a lungu, in ɗaya ya ɗan leƙo sai kaga botiyan sun taso masa su biyu suna tsattsaga. Wata safiya 'yata ta tasheni tana kuka, ƙwanson ɗaya na kwance a kan yashi wayam babu komai a ciki. Ban gama da wannan ba sai fararen ɗigo-ɗigo suka fito a jikin botiyan kaman an barbaɗa masu gishiri, suna goga jiki a jikin dutse, kwana biyu gupi ma suka kama. Na sake komawa, yaron ya miƙo min wata kwalba mai shuɗin ruwa yace in ɗiga kullum. Bai tambayeni me da me ke cikin hodin ba alhali shi ya saida min su, ni kuma na yarda dashi na ɗiga. Washegari nerait biyu sun saki gilashi sun faɗo a rigingine, rana ta uku tuffan da ya rage shima ya tafi, ruwan ya yi fari-fari yana wani irin wari da ban taɓa jin kamarsa ba, maman yara har ta buɗe tagogi. Sai a lokacin na juya bayan kwalbar na karanta ƙananan rubutun, akwai jan ƙarfe a ciki, nuhas da Larabci, kuma shi jan ƙarfe ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya kashe dodon koɗi da jatan lande ko da kifi ya jure. Guda ɗaya ne ya tsira cikin biyar, shima don ya haye can sama ya manne a bakin ruwa.

Ranar da na koma raina a ɓace yake sosai, na tafi da kwalbar da ƙwansunan a leda. Yaron baya nan, sai wani dattijo da ban taɓa lura dashi ba yana zaune yana wanke soson filta a bokiti. Ina cikin yi masa bayani da Larabci autana ya ja min riga na juya nace masa tsaya mana ina magana, kawai sai naji dattijon yace, a'a, ashe ɗan gida ne, sannu ɗana. Wallahi sai da na ɗan yi shiru. Ashe Bahaushen Sudan ne, mutumin wajen Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu, garin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, Hausarsa tsaf sai dai Larabcin Sudan dake faɗowa ciki nan da can. Na gaishe shi yadda ya kamata, nace Baba ga abinda ya sameni. Ya juye ƙwansunan a tafin hannunsa ya daɗe yana dubawa, bai kare yaron ba kuma bai zageshi ba, yace ɗana an cuceka kuma an cuci bayin Allahn nan, kayi haƙuri, matsalar ita ce yaran nan sun ɗauki halazon kaman tsintsiya, abin share gilashi, basu ɗaukeshi mai rai da yake da abincinsa da ruwansa da abokan zamansa ba. Wannan maganar tasa ita ce gaba ɗaya abinda zan ce game da shagon, kifi sun iya shi, dodon koɗi kuma in ba wannan dattijon ba babu wanda ya damu ya sani.

Yace in dawo masa da botiyan in sun warke zai canza min, kuma ya cika alkawari, ya bani koridoras guda biyar a madadinsu, 'yan ƙananan kifin nan masu gashin baki kaman jaririn tarwaɗa da suke kiwo a ƙasa basa taɓa kowa. Yace ko ba don dodon koɗi ba botiya ba kifin hod ɗin lita 100 bane, daga kogunan Indonesiya yake, Sumatra da Borneo, yana girma har wajen santimita 30 kuma garke yake so ba biyu ba. Ya lissafa min sauran da bai kamata in haɗa ba, kifin nan mai kumbura da suke kira bafa ko da ɗan mitsitsin ne, da manyan siklid dangin ƙarfasa, da golfish dake haɗiye ƙananan, yace shi faita, kifin nan mai faɗa, kuma ya danganta da halinsa, wani baya kulawa wani sai ya cinye ma tuffa ƙaho. Game da maganin yace in cutar fararen ɗigon ta sake zuwa, kafin in ɗiga komai in kwashe dodon koɗin in sasu a wani wuri daban, in ɗan ƙara zafin ruwan a hankali, in an gama magani a canza ruwa sau da yawa a sa gawayin filta ya tsotse sauran, a jira makonni kafin a maida su. Ya hanani sayen dodon koɗi ko ɗaya a ranar duk da da kuɗina a hannu. Sai bayan wata guda ya bani, kuma biyu daga ciki bai karɓi ko riyal ba.

Abinda na fi ƙaruwa dashi a wurinsa maganar ruwa ce, kuma ita nake so mutanenmu dake nan Saudiyya su fi riƙewa, don abinda ake faɗa a wasu ƙasashe bai cika dacewa da namu ba. Nerait ɗin nan da ya tsira na lura ƙwansonsa ya fara fari daga tsinin baya yana ɓurmawa kaman bangon da ruwa ya ci. Na nuna ma Baba hoton, tambayarsa ta farko wane ruwa kake zubawa? Nace na galan, wanda muke sha, na shagon tahliya inda ake tace ruwa, ai nafi yarda da tsaftarsa. Ya girgiza kai yace tsaftar ce ta yi yawa. Shi ƙwanson dodon koɗi abu ɗaya ne da alli da ɓawon ƙwai, kalsiyam ne, daga ruwa da abinci yake samu yana ginawa, ruwan galan kuwa an tace shi an cire kusan duk ma'adinan dake ciki, to maimakon ya gina sai ruwan ya riƙa cin wanda ya riga ya gina. Ruwan famfon Jidda ma asalinsa na teku ne da aka cire ma gishiri a irin tashoshin su Shu'aiba, sai dai shi ana maida masa wasu ma'adinai kafin a turo, don haka yace in koma na famfo in riƙa ɗiga maganin kashe kulorin, kuma in sayi abin gwaji in tabbatar pH ɗin, wato ma'aunin tsamin ruwa, bai sauka ƙasa da 7 ba, tsakanin 7 da 8 shine daidai. Sai ya tsallaka ɓangaren tsuntsaye ya ɗauko min farin ƙashin nan na wata dabbar teku, habbar, da ake rataya ma kanari a keji, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, yace in ɓalli kaɗan in tafasa in jefa a cikin filta. Wurin da ya riga ya ɓurme baya komawa, amma sabon da ya fito daga bakin ƙwanson sumul yake har yana sheƙi, kana iya ganin layin da ya raba tsohon da sabon.

Wani abin kuma, ruwan hazzan, wato tankin saman bene, lokacin zafi da zafinsa yake fitowa kaman an ɗora a wuta, don haka nake tara bokiti biyu da daddare su kwana a falo, da safe in zuƙe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hodin in maye da su, duk ranar Juma'a kafin in tafi masallaci. Kuma ashe dacewa nayi da na fara da gupi da filati, su da kifin moli suna son irin wannan ruwan mai ma'adinai da dodon koɗi ke so, kifin niyon ne ya fi son mai ƙarancin ma'adinai, shi yasa da naso ƙarawa Baba yace in bari.

Yanzu iri biyu nake riƙe dasu da gangan. Nerait wajen cin gansakuka babu kamarsa, zaka ga sawun bakinsa a gilashi kaman an bi da ƙaramin cokali, kuma baya cika maka hod da 'ya'ya saboda ƙwansa baya zama komai a ruwan daɗi, sai ruwan da ya gauraya da gishiri irin na inda kogi ke shiga teku. Amma macen tana liƙa ƙwan a jikin itace da dutse farare kaman riɗi, da wuyar kankarewa, wanda baya son ganin haka ya sani tun yanzu. Yana kuma fita, na taɓa tsintar ɗaya a bayan kabad ya bushe na ɗauka ya mutu, na maida shi ruwa bayan awa ɗaya ya kama tafiya, tun ranar murfi baya ɗaguwa. In ya faɗo a rigingine ka juya shi da hannu don wani sa'in baya iyawa. In kuma ka ga ɗaya ya kwana biyu bai motsa ba ka ɗauko ka shinshina, mai rai ƙamshin ruwa kawai zaka ji, mataccen kuwa ba sai an faɗa maka ba, ka cire shi nan take kafin ya ɓata ruwan. Shi tuffa ya fi ban sha'awa wajen kallo, yana da wani ɗan bututu da yake miƙawa sama ya shaƙi iska, sai ya saki gilashi ya sulalo ƙasa a hankali, yara har ihu suke. Dole ka bar masa fili kaman yatsa uku ko huɗu tsakanin ruwa da murfi. Kuma gansakuka kaɗai bata riƙe shi, wannan ma babu wanda ya faɗa min ranar farko, ina dafa masa yankan kusa, kayan lambun nan mai kama da kokwamba, ko karas sama-sama in jefa da daddare in cire ragowar da safe.

Akwai kuma waɗanda ban saya ba suka zo da kansu. Na sayi tsiro guda uku a shagon, ashe akwai ƙwai a manne a ƙarƙashin ganyen kaman majina, kan kace kwabo 'yan ƙananan dodon koɗi masu ruwan ƙasa sun cika ko'ina, da wasu masu naɗi kaman ƙahon rago. Irin waɗannan kowanne namiji ne kuma mace ne, shi yasa basa wuyar yaɗuwa. Akwai kwalbar kashe su a kan kanta, na nuna, Baba yace ajiye ɗana, abinda ya kashe maka na farko shine a ciki. Yace yawansu ba daga su bane daga hannun mai bada abinci ne, wa ke ciyarwa a gida? Sai na tuna 'yata na zubawa kafin makaranta, autana na zubawa in ya dawo, mamansu ma in ta wuce taga suna bin gilashi sai tausayi ya kamata. Muka maida shi sau ɗaya a rana, abinda zasu cinye cikin minti biyu, gwangwanin kuma ya koma saman firij. Da daddare in jefa ganyen latas, da asuba in ɗago shi sun lulluɓe shi. Wata ɗaya suka ragu sosai. Ya nuna min wani dodon koɗin mai cin 'yan uwansa, asasin, mai zanen baƙi da rawaya, amma yace tunda ina da nerait kada in saka, bashi da tabbas.

Sai maganar Hajiya. Ta zo Umra ta sauka wurinmu, tana shiga falo ta gansu ta ja da baya, tace kai yanzu dodon koɗi ka ajiye a ɗaki yara na tsoma hannu, ba shi ke kawo tsargiya ba? Kuma ba tsoron banza bane, ta tashi a wajen Kura inda ake noman rani, ta ga yara maza suna fitsarin jini har wasu na ɗauka alamar balaga ce. Ni kaina jikina yayi sanyi, washegari na tafi wurin Baba. Yace Hajiya tana da gaskiya ta tambaya, shi ma ya san bilharsiya tun yana yaro a magudanan ruwan gonakin Jazira a Sudan, babu gidan da bai san ta ba. Sunan ma daga wani likita Bajamushe ne, Bilharz, da ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. Yadda abin yake, mai cutar ne zai yi fitsari ko bahaya a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya nemi wani irin dodon koɗi na musamman ya shiga, Bulinus ga ta mafitsara, Biomphalaria ga ta hanji, ya hayayyafa a cikinsa sannan ya fito ya huda fatar wanda ya shiga ruwan. Kenan sai an haɗa abu biyu, irin dodon koɗin da ya dace da kuma ruwan da mai cutar ya ɓata. Nerait da tuffa ba irin masu ɗaukarta bane, wanda kuma aka haifa a hod ya girma a hod bai taɓa haɗuwa da ita ba. Abinda yace kada in kuskura shine in je wadi, wato rafi, ko wani kududdufi in kwaso na daji in zuba, musamman can kudu wajen Jazan inda aka san cutar, ko wani ya taho min dasu daga gida ko daga Sudan a gora. Haka kuma kada in zubar da nawa a waje in sun yi yawa, wani ɗan uwan tuffa da aka kai Taiwan daga Kudancin Amurka wajen 1980 don a ci shine ya bazu ya addabi gonakin shinkafa har Filifin, Tarayyar Turai ma ta hana shigo da danginsu tun 2012. Na dawo na yi ma Hajiya bayani, ta saurara tace to Allah ya tsare, amma dai a riƙa wanke hannu da sabulu, kuma hakan muke yi. Kafin ta koma ita ce ke zama kusa da hodin bayan sallar asuba da carbinta, har ta ba yaran labarin yadda ake murza katantanwa a ƙasa tana juyi.

Kuɗinsu ya ɗan fi na wasu, nerait ɗaya riyal 15 na biya, a Haraj, kasuwar saye da sayarwa tsakanin mutane, zaka samu masu kiwo a gida suna bada tuffa ƙasa da rabin kuɗin shago, sai dai can babu wanda zaka koma wurinsa in abu ya lalace. Abinda bana so har yanzu shine faita da suke jerawa a 'yan kofuna a kan kanta ko juyawa basa iya yi sosai, da kwanon gilashin nan zagayayye da suke saida ma iyaye da golfish a ciki babu filta babu komai, duk sanda naga yaro ya fita dashi yana murna sai naji babu daɗi don na san kwana nawa zai yi. Sannan hod ɗin dodon koɗi duk abu ɗaya aka rubuta, halazon da farashi, babu suna babu bayani, alhali kifi kowanne da sunansa. Wanda zai je, shawarata ya je bayan la'asar lokacin da dattijon ke nan, ya tafi da hoton hodinsa da sunayen duk abinda ke ciki, kuma kowace kwalba aka miƙo masa ya juya bayanta ya nemi kalmar nuhas kafin ya biya, ko wa ya miƙo.

Watan jiya tuffa ta haye sama cikin dare ta liƙa curin ƙwai ruwan hoda a ƙarƙashin murfi, Baba yace kada in bari ya faɗa ruwa kuma kada ya bushe, danshin wurin ya ishe shi. Sati uku suka fara zubowa ƙanana kaman ƙwayar gero, koridoras na wucewa ta kansu ko kallo basu ishe su ba. Da suka kai girman wake na ƙirga ashirin na kai masa a roba, ya bani gwangwanin abincin kifi da wani ƙashin habbar ɗin, ya zuba su a wani hod shi kaɗai, sannan ya yago takarda ya rubuta da Larabci cewa ba a haɗa su da botiya kuma ba a sa masu magani mai nuhas, ya liƙa a gilashin da salatif. Nace Baba saura sauran layin, yace in sha Allahu ɗana, bari mai shagon ya dawo daga tafiya in yi masa magana.